Kujeru Goma Sha Biyu a Ɗakin Baya

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiyar likitocin haƙori, shugabar asibitin da marigayi ya yi wa aiki shekara talatin, manyanmu a wannan sana'a, Hajiya maiɗakinsa, 'ya'ya da jikoki, abokan aiki, ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

An ce in yi magana don na fi kowa daɗewa da shi. Da cancanta aka bi, da ban tsaya nan ba, kuma yanzu za ku ji dalili.

Mu a tsakaninmu Ɗalibi muke ce masa, kuma tsokana ce. Ya kasance mutum mai furfura wanda ba a buɗe taron bita a kan kayan cikon haƙori ba tare da an gan shi a layin gaba da biro biyu ba. Ya kasance idan aka kawo sabon ciko, ba ya sa shi a bakin kowa sai ya gwada a haƙoran da aka cire, ya jiƙa su cikin shayi mako uku, ya ga ko zai rine ko zai ɓalle. Muna shiga ofishinsa mu ce, "Ɗalibi, yau ma haƙora ne ke shan shayinka?" Sai ya yi dariya ya ce, "Su ba sa ƙorafin sukari."

Ya kasance ba ya iya riƙe ilimi shi kaɗai. Kowace Asabar ta ƙarshen wata yakan jera kujeru goma sha biyu a ɗakin bayan gidansa, don ya koya mana abin da ya jiyo. Da farko muna cika ɗakin. Daga baya muka koma biyar, muka koma biyu. Kowa da uzurinsa, ni ma da nawa.

Akwai wata malamar makaranta da na yi wa farin ciko a haƙorin gaba. Sau uku yana faɗuwa, har ta koma koyarwa tana rufe baki da hannu. Ta je wurinsa ya gyara, cikon ya zauna daram. Bai faɗa wa kowa ba. Ya same ni ni kaɗai ya ce, "Ɗan'uwa, wannan cikon ba irin na da ba ne, ba ya shiri da yawu ko kaɗan. Asabar a kansa zan yi magana, ka zo." Na ce in sha Allah. Ban je ba.

Sai bayan rasuwarsa Hajiya ta gaya mana abin da ya faru ran nan. Ya jera kujerun, ya dafa shayi, ya zauna yana duban ƙofa har la'asar. Da ta ga haka, sai ta ajiye aikinta ta shiga ta zauna a kujerar gaba ta ce, "To Malam, fara, ga ɗaliba." Ya yi mata darasin tun daga farko har ƙarshe: yadda ake tsare haƙori daga yawu, yadda ake sa cikon kaɗan-kaɗan, tsawon lokacin da ake haska masa shuɗiyar fitila don ya taurare. Ita da ba ta taɓa riƙe madubin haƙori ba. Wannan ne darasinsa na ƙarshe, kuma cikinmu babu wanda ya ji shi.

Wallahi kunya ta ishe mu. Mun so shi, amma mun bar shi da kujeru.

Hajiya, 'ya'yanmu, mun ji kuna shirin kwashe kayan ɗakin, kuma haƙƙinku ne. Amma muna roƙon alfarma, ku ɗan dakata mana. Asabar mai zuwa ita ce ta ƙarshen wata. Za mu zo, mu za mu jera kujerun da hannunmu. Ke kuma Hajiya, tunda ke kaɗai kika halarta, ki daure ki maimaita mana abin da ya ce.

Mun gode muku da kuka ba mu aron shi tsawon shekarun nan. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya koyar ya bi shi. Allah Ya ba ku haƙuri, mu kuma Ya yafe mana jiran da muka sa shi.