Gyaran da Muka Ji a Baibai

Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban ƙaramar hukuma, kansilolinmu, likita da ungozoma, iyayena mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa, assalamu alaikum.

A madadin ƙungiyarmu, ni da kuka sani a layin tattasai, ina godiya ga duk wanda ya bar rumfarsa ya zo buɗe wannan ɗakin haihuwa.

Da farko, mu tuna inda muka fito. Mai tikitin rumfa ya karɓa, mai tikitin shara ya karɓa, mai tikitin da shi kansa bai san na mene ne ba ya karɓa, amma asibitin bayan kasuwa ko fitila babu. 'Yata a bayan mota ta rasa cikinta na fari, ana gudu da ita babban asibiti. Wannan har yau yana yi mini ciwo.

Na biyu, da hukuma ta ce za a yi gyaran haraji, a haɗe tikitoci su zama ɗaya, a ware wa asibiti kasonsa, mu ne muka fara tada ƙura. Mu gyara ɗaya muka sani, wato ƙarin da ake ɗorawa a kan mudu. Muka ce ashe ƙarin haraji za a yi mana! Muka rufe rumfuna. Masu tikiti, da suka ga abincinsu zai ƙare, suka yi ta zuga mu. Kansiloli suka hango zaɓe, suka tura maganar kwamiti, kun kuwa san kwamiti bai san sauri ba. Ana cikin haka 'yata ta sake samun ciki.

Na uku, mu gode wa Goggo mai kifi. Ranar da aka tara mu a yi mana bayani, ta miƙe da sandarta ta ce wa shugaban ƙaramar hukuma, "Ɗan nan, wanda ya biya shi ake yi wa gyara. Mu ke biya. Ina gyaranmu?"

Ya ce, "Goggo, me kike so?"

Ta ce, "Ɗakin haihuwa, da wuta, da ungozoma. Ka ɗora mana wannan, gobe mu buɗe kasuwa."

Wuri ya kaure da tafi, kansilolin da ke ja da baya suka fi kowa ɗaga hannu.

Yanzu, ranka ya daɗe, ga almakashi ga ƙyalle, amma ka yi haƙuri, an riga ka buɗe ɗakin. Da safiyar nan naƙuda ta kama 'yata, ungozoma ta shigar da ita ta ƙofar baya. Wannan kukan da kuke ji ta taga, jikata ce, kuma uwarta lafiya lau.

Allah ya raya ta, ya sauke duk mai ciki lafiya, ya tsare hannun da ke riƙe da harajinmu, ya mai da kowa gidansa cikin aminci. Ku yanka ƙyallenku, ni zan je in ɗauki jika.

Na gode.