Littafin da aka kafe a bango

A watan Mayu, a zauren wata jami'ar Sweden, tsoho Torvald ya tarar da littafin binciken digirin 'yarsa Ylva kafe da ƙusa a bango. Ya tare wata mai shara.

"Baiwar Allah, shekara biyar Ylva tana rubuta wannan. Faɗuwa ta yi aka wulaƙanta shi haka?"

"Baba, ai wanda ya faɗi ba a ba shi guduma. Sai malamai sun amince ake kafe littafi, kowa ya karanta. Da hannunta ta buga."

Ya yi ajiyar zuciya, ya shafa ƙusar.

"Ni kafinta ne, amma 'yata ta buga ƙusa a karkace."

"To, gyara mata mana."

"Duk wanda ya taɓa ta, ni da shi ne."