Ba a Shan Filasko Ranar Tafiya

Kuɗin motar da ya kai ni Ikko daga tunkiyar Inna ya fito. Ita kaɗai gare ta, ga ciki, ta sa aka ja ta kasuwa. Da ta kwance bakin zane ta miƙo mani, na ce, "Inna, ƙafa huɗu kika saida, da ƙafa huɗu zan dawo maki." Mota nake nufi. Ta ce in dawo da nawa biyun ma ya ishe ta. Yara, ku saurara. Kai Nura, bar dariya, kai ma da ka ɗaure jakarka za ka ji bakinka yana alkawarin da ba ka aike shi ba.

Gadi na samu a Agege, gidan wata mata da kowa ke ce wa Madam. Kalmar farko da ta koya mani ita ce fulashin. Na shiga bayin gidan da butata, na fito, sai ga ta tana ihu.

"Aboki, fulashin!"

"Sunana Lawal."

"Lawal, fulashin!"

Na zaci zagi ne, har na fara haɗa kayana. Ashe wani ƙarfe ake dannawa ruwa ya kwashe abin da ka bari. Ruwan da zai ishi gidanmu na Tafoki girki da wanka, a tashi ɗaya.

A bayan gidan akwai tsohuwar Fijo ta mijinta marigayi, kaji na ƙwai a ciki. Shekaru ina wanke ta ba wanda ya sa ni. Ranar da Madam ta tashi komawa wurin 'yarta, ta jefo mani makullin ta ce sallamata ke nan. Na kai ta wurin wani bakanike Bayarabe. Ya tashe ta, ya buɗe murfin mai, ya zura yatsa ya fito da wani baƙin abu kamar ƙanzon tukunyar da aka manta a murhu. Ya ce wannan yana son fulashin. Na ce har mota? Ya ce akwai maganin da ake zuba wa injin, a bar shi yana aiki a tsaye ɗan lokaci, a tsiyaye shi duka tare da dattin, a canza filta, a sa sabon mai. Amma tsohon inji irin wannan, in ji shi, gara a kwance kaskon ƙasa a kankare da hannu, don in dattin ya ɓalle gaba ɗaya zai toshe hanyar mai. Kuma ko da wasa kada a yi tafiya da maganin a ciki.

Nan take na gane, domin Inna ce mai ba yaran unguwarmu filasko na wankin ciki. Dokarta biyu: ba ta ba tsoho mai rauni, kuma ba a sha ranar tafiya.

Ban kai ga kwance kaskon ba waya ta shigo daga gida. 'Yan bindiga sun aiko wa ƙauyukanmu cewa suna tafe, kowa na ta kwasar yara zuwa Funtuwa. Inna kuma ƙafa ta daina ɗaukarta, ido ya yi rauni. An kawo mata mashin ta ƙi hawa, an kawo amalanke ta ƙi. Wai ɗanta na nan tafe da mota. Yara, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Alkawarin bakina ne ya ɗaure tsohuwa a hanyar mutuwa.

Na ce a juye mai kawai, a bar datti inda yake. Na ɗauki Sale, wani ɗan Mairuwa mai tura baro, don ya taya ni hira kada barci ya sace ni. Fijo tana tari tana hayaƙi, amma tana tafiya. Muka wuce Ilori, muka haye Jabba, ina lallaɓa ta kamar mai jego.

A Kaduna na tsaya salla. Sale, Allah ya jiƙan rai, mutumin kirki ne, kirkin nasa ne ya kashe ni. Wani mai talla a tasha ya nuna masa kwalbar maganin fulashin ɗin nan, ya ce a zuba a kama hanya, kafin a isa gida injin ya koma sabo. Ya saya da kuɗin guminsa, ya zuba, bai gaya mani ba, wai yana son in ji mota ta sake murya in yi mamaki.

Ta kuwa sake. Muna wuce Zariya jar wutar mai ta kama. Kafin Giwa injin ya fara ƙwal-ƙwal kamar ana dukan turmi ba hatsi, sai ya yi shiru. Na murza makulli har yatsana ya fashe. Bakaniken bakin hanya ya kwance kaskon, ya nuna mani rariyar da ke zuƙo mai, ta cushe taf da baƙin dattin nan. Ya ce injin ya buga, sai dai wani. Sale ya durƙusa a kwalta yana kuka yana faɗin abin da ya yi. Na ɗaga hannu, na rasa wanda zan mara, na sauke. Na bar masa makullin na tari motar hatsi.

Daga Mairuwa ba ɗan acaɓan da ya yarda ya shiga da ni. A ƙafa na ƙarasa, ina cin karo da mutane da tabarmi a ka, kowa na ce mani in koma. Na isa Tafoki, garin ba hayaƙin girki ko ɗaya. Ina tafe ina roƙon Allah ko gawarta ce in samu in rufe.

Tana zaune a zaure, ƙunshin kayanta a cinya, ta sa zanenta na Salla saboda shiga mota. Gefenta Baba Ɗanjuma ne, Bamagujen da ke maƙwabtaka da gonarmu. Ya tura iyalinsa, shi ya ƙi tafiya ya bar ta, jakinsa na ɗaure a bakin ƙofa.

"Lawal ne? Ban ji kukan mota ba."

"Inna, an ba ta hilasko a hanya."

"Ranar tahiya? Wane marar uwa ne ya yi wanga aiki?"

Na faɗi gabanta ina kuka kamar yaron goye, ina ce mata ƙafa huɗun ba su iso ba. Ta laluba har ta kama ƙafafuna, duk sun kumbura sun tsage, ta dafa ɗaya, ta dafa ɗayar.

"Biyu na ce maka," in ji ta. "Ga su nan. Ɗora ni bisa jakin, rana na yi."