A Kashe Inji Har Sai Mota Ta Cika

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma wakiliyar ma'aikatar makamashi da injiniyoyin da suka rako ta, dattawanmu da suka riƙe sitiyari tun kafin a haifi wasunmu, shugaban kanikawa da jama'arsa, iyayenmu mata masu abinci, da suka sauke tukwane suka zo, 'yan kamasho, 'yan'uwana direbobi, na dogon zango da na cikin gari, da sauran jama'ar da suka cika rumfar nan har wasu na tsaye a rana: ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga baƙinmu, ina kuma godiya ga direbobin da suka bar layinsu a ranar aiki, domin na san abin da hakan yake nufi ga mai iyali.

Na miƙe a matsayina na shugaban direbobin wannan tasha don in gabatar da doka guda ɗaya, wadda za ku ɗaga hannu a kanta idan na zauna. Dokar ita ce: daga ranar Litinin, duk motar da ke layin lodi a kashe injinta har sai ta cika, wanda ya ƙi kuma a fitar da shi daga layi. Ba zan ɓoye muku abin da kuka riga kuka sani ba. Wanda ya fi kowa adawa da ita yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ga shi can zaune a kujerar ƙarshe. Ya ce ranar da ta fara aiki, ranar zai janye motarsa ya bar tashar nan bayan shekara talatin da shida. Zan zo kan maganarsa, amma bari mu bi abin daki-daki.

Na farko, shi kansa man. Man da muke sha ba ruwan rijiya ba ne, da za a kwashe da safe ya sake taruwa da yamma. Abin da aka haƙo aka ƙona ya tafi ke nan. Injiniyoyin nan sun yi mana bayani ɗazu, ni kuwa ban yi karatunsu ba, amma na fahimci wannan: masu sha suna ƙaruwa, abin sha ba ya ƙaruwa. Ku dubi ƙasar nan tamu. Da mai ake kawo amfanin gona kasuwa, da mai ake turo ruwan famfo, da mai asibiti ke yin tiyata idan wuta ta ɗauke, da mai mai walda ke walda, mai aski ke aski. Mun ɗora ƙasa guda a kan abu ɗaya, kuma abin nan mai ƙarewa ne. Bara da aka yi kwana tara ana wahalarsa, mun ga samfuri. Mun ga marasa lafiya zaune a kan bencin can suna jiran motar da ba ta da ko ɗigo a tanki. Wancan na kwana tara ne, ya zo ya wuce. Wanda ake gaya mana mu shirya masa ba a sa masa ranar wucewa ba.

Na biyu, namu laifin. Baƙinmu ba su san wannan sirrin ba, yau zan tona mana asiri. Direba yakan sa mota a layi da ƙarfe bakwai, da fasinja biyu a ciki, sai ya tayar da inji, ya riƙa taka totur, ya ɗan gusa gaba ya dawo baya, 'yan kamasho uku su shiga su zauna suna duba agogo kamar masu sauri. Duk don me? Don wanda ya shigo tasha ya ɗauka yanzu za a tashi. Haka muka tarar ana yi, haka muka koya, haka ni ma na yi shekara ashirin ina yi. Kuma muna gaya wa juna cewa kashewa da tayarwa ya fi cin mai.

To, mun gwada. Shugaban kanikawa ya ɗauko jarka mai ma'auni, ya haɗa ta da injin motata, ba ta wani ba, muka bar ta tana aiki a layi yadda muka saba. Daga bakwai zuwa sha ɗaya ta sha lita biyar, ba ta taka ko'ina ba. Motoci sittin ke lodi a nan kullum. Lita ɗari uku ke nan a yini, muke mayarwa hayaƙi muna hura wa masu abinci a ido. Tasha ɗaya ke nan, ku kuma kun san yawan tashoshin ƙasar nan.

Da ma dabarar tana ci, da da sauƙi. Rannan wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce mini, "Ɗan nan, tun hantsi kake tafiya, har yanzu muna gindin bishiyar nan. Kashe ta mu ji da zafi ɗaya." Jama'a, fasinja sun gane mu tun da daɗewa. Mu kaɗai muka rage muna ruɗin kanmu.

Na uku, saƙonmu ga hukuma, ranki ya daɗe. Ba za mu roƙi a mayar da mai kamar da ba, mun san ba ya yiwuwa. Abin da muke roƙo shi ne a gaya mana gaskiya da wuri, kada mu wayi gari mu ji labari a bakin gidan mai. Idan motocin iskar gas ne za su gaji waɗannan, ko masu lantarki, a koya wa kanikawanmu gyaransu tun kafin su iso, domin motar da babu mai gyaranta a gari kwalliya ce kawai. A gyara hanya, domin rami ma yana shan mai: duk birkin da muka taka muka sake ɗaukar giya, tanki ne ke biya. Ga kuma rufin rumfar nan, rana na dukansa tun safe har yamma a banza, alhali janareta na kuka a bayan ofis. Amma da wane baki zan nemi ƙasa ta yi tanadi, idan a ƙofar ofishina ana ƙona lita ɗari uku ana tsaye?

Na huɗu, kuma shi ne mai nauyi a gare ni. Motar Yaya tsohuwa ce, idan ta mutu sai an tura. Wannan ba komai ba ne, kanikawa sun ce gyaran yini ɗaya ne. Da na je gidansa na faɗa masa haka, sai ya ce, "Ba gyara ne ya dame ni ba. Shekara talatin da shida fasinjana da ƙarar motata suke gane ni. Motar da ta yi shiru a tasha, mai ita ya gama yayi. Kai da na koya wa tuƙi, kai ne za ka rufe mini baki a gaban mutane?" Mako uku ke nan bai taka gidana ba, 'ya'yana suna tambayata ko Baba Babba ba shi da lafiya ne. Abin yana damuna ƙwarai, ba zan yi muku ƙarya ba.

Wasu dattawa, Allah ya saka musu da alheri, sun same ni suka ce a zartar da dokar amma a cire shi, saboda shekarunsa. Na gode musu, na kuma ƙi. Ranar da aka cire yayan shugaba, ranar kowa zai tuna yana da yaya, dokar ta mutu tun ba ta yi rarrafe ba.

Yaya, ka gafarce ni, a gaban jama'a zan yi maka magana tunda a gida ka hana ni. Ba na so ka tafi. Tashar nan ba ta san safiyar da babu kai ba, ni ma ban san ta ba. Amma ba zan janye ba. Idan jama'a suka amince, ranar Litinin ba zan aiko maka ɗan kamasho ba, ba zan aiko sakatare ba. Ni da kaina zan zo bakin tagarka in cire hula in roƙe ka ka murɗa makulli baya. Idan motarka ta cika ta ƙi tashi, ni zan tura, da rigar shugabancin a jikina, kullum, har ranar da ka yarda a gyara ta. Idan kuma ka ƙi kashewa, ni zan fitar da kai daga layi, don kada wani ya ɗauki wannan nauyin a madadina.

Allah ya ba shugabanninmu ikon shiri tun da sauran lokaci. Allah ya sa albarka a ɗan abin da ya rage mana a ƙasa, ya koya mana tattalinsa. Allah ya tsare mu a hanya, ya tsare waɗanda muke ɗauka, ya bar zumunci tsakanin 'yan'uwa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Shugaba, a kira ƙuri'a. Na gode.