Bugun Bango

A ɗakin jira na sashen masu karaya, wani dattijo ya janye sandarsa ya matsa wa wata mata mai riƙe da kular abinci.

"Zauna, 'yata. Dubiya kika zo?"

"Eh, Baba. Kai fa, me ya sami ƙugun naka?"

"Santsin banɗaki. Shekara ashirin ina tuƙa bas a ƙasar nan ta mutane, ko ƙwarzane ban taɓa yi ba, sai ga ɗan guntun sabulu ya kayar da ni. Tun safe har la'asar ina kwance ina dukan bango da kofin wanka. Ko tarin maƙwabta ban ji ba."

"Wataƙila sun ɗauka gyara ake yi."

"Gyara wuni guda?"

"Baba, a nan fa in ka ƙwanƙwasa ƙofar mutum, kallon ɓarawo zai yi maka. Wani kuma ya dawo daga aiki a gajiye, kansa na sarawa, sai kawai ya ƙure muryar rediyo."

Dattijon ya juyo ya dube ta. "Ni ban ce an kunna rediyo ba."

Ta sunkuyar da kai.

"Wadda na zo dubawa, tsohuwar da muke bango ɗaya ce. Shekara huɗu muna gaisawa a matakala, ban san sunanta ba sai da aka kwantar da ita. Ranar da ta faɗi na ji bugun, Baba. Har tsaki na yi."

"Tana da rai?"

"Tana ciki. Kwana uku ke nan ina kawo abincin nan, in kasa shiga, in koma da shi."

Dattijon ya nuna mata ƙofar da sandarsa.

"Tashi ki shiga. Ni wata biyu ina sauraron ƙofata, nawa maƙwabtan har yau ba wanda ya leƙo."