Ku Bar wa Ƙannenmu Sa'ar Tambaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugabar makaranta, malamaina maza da mata, iyayenmu da suka rufe shaguna suka ajiye sana'o'i suka zo, yayyena, ƙannena da ke zaune a kan tabarma can gaba, da Baba Maigadi da nake hangowa a bakin ƙofa, ina gaishe ku baki ɗaya, gaisuwar ƙarami ga manyansa.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina godiya ga shugabar makaranta da ta ce a bar ɗaya daga cikin waɗanda suka gama bara ta yi magana, ina kuma godiya ga 'yan ajinmu da suka turo ni. Idan kuka ji muryata tana rawa, ku yi mini uzuri.

An taru yau ne a kan Sa'ar Tambaya, wato ƙarshen ranar Alhamis, lokacin da 'yan aji shida kan rufe littattafai su ɗauki wata matsala ta gaske su nemi maganinta da kansu. Wasu iyaye sun kawo shawarar a soke ta, a mayar da lokacin darasin shirin jarrabawa, kuma yau za a ɗaga hannu. Cikin masu wannan shawara akwai mahaifina, ga shi can a layi na biyu. Cikin waɗanda abin zai shafa kuma akwai ƙanwata Auta, wadda za ta shiga aji shida baɗi. Na san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ban zo in koya wa kowa komai ba. Na zo ne in faɗi abin da na gani da idona, a kan abubuwa uku.

Na farko, yadda muka fara.

Ranar Alhamis ta farko Malamar aji shida ta ajiye alli, ta zauna a kan teburi, ta ce, "Me ke damunku a makarantar nan?" Can sai wani yaro da muke kira Rediyo, saboda bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Lissafi, Malama." Aka kwashe da dariya. Malama ta ce, "Wannan ciwon na gaji da jinyarsa, a kawo wani." Sai wata daga baya ta ce, "Kududdufin bakin ƙofa."

Duk wanda ya kawo ɗa makarantar nan ya san kududdufin nan. Da an yi ruwa sai ya kwanta a bakin ƙofa kamar an ba shi gadi. Mu manya mu cire takalma mu riƙe a hannu, mu goya ƙannenmu mu ratsa. Na goya Auta a wurin har ban san iyaka ba, jakarta a kaina, tawa a wuya, tana dukan kafaɗata tana cewa in yi sauri. 'Yan aji ɗaya kuwa sukan wuni da jiƙaƙƙiyar safa, suna atishawa har a tashi.

Malama ta raba aiki, amma ba yadda muka so ba. Al'adarta ce ta ba kowa abin da yake gudu. Dogo, wanda ko sunan lissafi ba ya son ji, aka ba shi igiyar awo. Rediyo aka ce ya tsaya a baranda duk ranar da ake ruwa, ya zuba ido, kada ya ce uffan. Ni kuma, da nakan shekara ban ɗaga hannu a aji ba, aka ce in bi maƙwabtan makaranta ina yi musu tambayoyi. Na bi ta ofis ina hawaye, na ce, "Malama, don Allah a ba ni ɗaukar bokiti." Ta dube ni ta ce, "Bokiti ya iya zama shiru, ba sai kin taya shi ba. Share hawayenki ki tafi."

Na biyu, kuskuren da muka yi.

Mu yara ne, kuma yaro akwai gaggawa. Ba mu jira awon Dogo ba, ba mu jira abin da Rediyo zai gano ba. Muka ce rami ne, maganin rami kuwa cikewa. Muka ari baro da shebur, muka kwaso yashi da fasassun bulo, muka cike wurin muka daddaɓe. Ranar mun koma gida da laka har gira, muna tafiya muna buɗa hannu kamar waɗanda suka gina gada. Ba mu taɓa roƙon Allah ya kawo ruwa kamar a makon nan ba.

Ruwa ya zo. Bakin ƙofa ya bushe tas, muna ta tsalle a taga. Ba a jima ba sai ga telan da shagonsa ke jikin katangar makaranta, ya nannaɗe wando har gwiwa, igiyar awo a wuya, ya tsaya a ƙofar ajinmu ya ce, "Wane injiniya ne ya aiko mini da kogi?" Malama ta nuna mu ta ce, "Ga su nan, aji guda." Ashe garin neman gira mun rasa ido. Ruwan da muka kora ya bi gangare ya shige masa shago, har ƙarƙashin keken ɗinki.

Malama ba ta ɗauki bulala ba, ba ta kuma gaya mana abin yi ba. Cewa ta yi, "Wanda kuka kora daga ƙofarku, kun tambaye shi inda zai kwana?" Muka ɗauki bokitai da tsummoki muka tafi kwashe wa tela ruwa. A nan, ina matse tsumma, na yi tambayata ta farko. Na ce, "Baba Tela, daga ina ruwan nan yake fara zuwa?" Ya ce, "Ina na sani, 'yata? Ni da an fara yayyafi ƙofa nake rufewa." Ban samu amsa ba, amma na ga na yi tambaya kuma ƙasa ba ta tsage ba. Daga shagonsa na wuce wurin mai wanki, daga nan na wuce wurin wata tsohuwa mai sayar da lemo a tsallaken titi. Ita ce ta ce mini da can babu kududdufi a wurin, sai bayan da aka gina sababbin azuzuwa.

Da na kawo wannan magana aji, sai Rediyo ya yi zumbur ya miƙe ya ce, "Malama, a buɗe ni, zan fashe!" Ashe tsayuwar da yake yi a baranda ya ga ruwan rufin ajinmu, namu na kanmu, wanda ke cikin sababbin azuzuwan, shi ke zubowa wuri ɗaya ya gangara ƙofa. Tawa da tasa suka haɗu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muka kwashe yashin da muka zuba. Dogo ya auna tsawon rufi, ya yi kuskure, mai waldan da zai ƙera mana indararo ya dawo da shi, ya sake awo yana gumi har ya dace. Aka kafa indararo, aka ajiye duro a ƙarƙashinsa. Da ruwan duron nan ake wanke hannu yau, shi ake ba shukokin bayan aji.

Yanzu ina makarantar gaba, kuma ina son ta. Malamai suna rubutu, muna kwafa, ana tashi. Amma duk ranar Alhamis, idan hadari ya haɗu, sai in ji hankalina ya dawo ajin nan mai taga ɗaya da ba ta rufuwa. Ina tuna ƙarar ruwa a kan kwano, da yadda muke ɗaga murya don a ji mu. Ina tuna benci a jawo shi tsakiya, kawunanmu a haɗe a kan zane ɗaya, ana musu, ana ɓata rai, ana shiryawa. Ina tuna Malama tana cewa, "Ni ma ban sani ba, ku je ku gano." Ban sake jin babba ya faɗi haka a gabanmu ba.

Na uku, tsoron iyayenmu.

Ranar da na koma gida da laka, mahaifina ya ce, "Ni makaranta na kai ki, ba haƙar kwata ba." Mahaifiyata ta wanke rigar nan har hannunta ya yi ja. Mahaifina direba ne, yakan fita kafin mu tashi, kuma abin da yake so shi ne mu ci jarrabawa mu wuce inda bai samu zuwa ba. Yakan ce takardar jarrabawa ba ta tambayar kududdufi. Gaskiya ne, ba ta tambaya. Ba kuma zan ce mu duka mun yi fice ba. Na ci, amma ba ni ce ta ɗaya ba, akwai kuma waɗanda suka sha da ƙyar. Tsoron iyayenmu tsoro ne na ƙauna, kuma ba mu raina shi ba.

Saboda haka ba roƙo kaɗai muka zo da shi ba. Mu da muka gama bara mun zauna mun yi shawara. Idan lokacin bita ne ya yi kaɗan, za mu riƙa zuwa safiyar Asabar mu zauna da 'yan aji shida, mu bi tsofaffin tambayoyin jarrabawa tare da su, ƙarƙashin duk malamin da aka wakilta. Dogo ya ce shi zai ɗauki lissafi, kuma ba wanda ya tilasta masa. Ku karɓi Asabar ɗinmu, ku bar musu Alhamis ɗinsu. Ku gwada mu zango ɗaya, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Idan sakamako ya faɗi, ku sake taruwa ku soke, ba za mu ce komai ba.

Baba, da safe da na ce maka zan yi magana, ka ce, "Ke ɗin? A gaban mutane?" Na ce e. Ka ce, "To, je ki faɗi naki, ni ma in faɗi nawa." Na faɗi nawa, Baba. Duk inda ka ɗaga hannunka, ni 'yarka ce, kuma tare za mu koma gida. Abin da nake roƙo kawai, kafin ka ɗaga, ka dubi Auta, ga ta can a kan tabarma.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ƙara musu haƙuri da mu. Allah ya yi wa neman iyayenmu albarka, ya ba su tsawon rai su ci moriyar wahalarsu. Allah ya buɗe ƙwaƙwalwar ƙannenmu, ya ba su sa'ar jarrabawa. Allah ya sa shawarar da za a yanke yau ta zama alheri ga wannan makaranta, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode da kuka saurare ni. Na gode.