Miƙar 'Yan Sin a Bayan Sito

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa. Ni ne Alhaji Lawal mai sayen masara a Mairuwa, wanda ya fara da tiya guda, yau ga sito ga mota, alhamdulillahi.

Kumburin ciki ya daɗe yana hana ni cin tuwo. Kanwa da jiƙo babu wanda ban sha ba. Sai direbana, da ya taɓa aiki da 'yan Sin, ya koya mani miƙarsu: hannu ɗaya sama, ɗaya ƙasa, kana jan numfashi a hankali. Wai akwai hanyoyi a jiki da ke bi ta ciki, miƙar ke buɗe su.

Rannan da hantsi ina yi a bayan sito, maƙwabcina Baba Idi ya leƙo, ya ruga ya kawo malamin ruƙiyya.

"Ku riƙe Alhaji, aljanu sun shige shi!"

Na ce, "Haba Baba, cikina nake gyarawa." Ban sauke hannu ba sai da na yi gyatsa.

Yanzu malmala uku nake tashi da su lafiya lau. Ina tambayar likitoci: yin miƙar nan kafin abinci ya fi ko bayansa? Ina gaida Baba Idi, wanda yanzu ya zama sabon ɗalibina a miƙar. Ya daure ya riƙa miƙe gwiwar nan.